Turken Ƙarfe a Iyakar Gonata

Ni fa tun ranar da aka buɗe ɗakin nan na masu kwamfuta a saman shagunan hanyar tasha, hankalina bai kwanta da shi ba. Sola a kan rufi, fanka tana juyawa, samari da 'yan mata kowa ya duƙufa a kan allo. Babu manomi a cikinsu, babu masunci, amma wai su ne za su gyara mana noma da kamun kifi. Kullum da sabon labari. Yau a ce wasu sun haɗa manhajar sayar wa Kanawa bandar kifi, gobe a ce wasu za su sa a riƙa kiran mai adaidaita ta waya, a Haɗejar da in ka ɗaga hannu guda uku ne za su tsaya maka. Na ce to, Allah ya sa da gaske ake.

Abin da ya ɗaure min baki shi ne 'yar ƙanwata tana cikinsu. Ta gama jami'a, ta ƙi aikin ofis, ta haɗa wata na'ura mai auna tashin ruwan kogi, wadda za ta aika wa manoma saƙo kafin ambaliya ta iso. Masu zuba jari suka ce a gwada damina ɗaya. In saƙo ya riga ruwa zuwa, za su riƙe aikin. In ruwa ya riga saƙo, ta nemi wata sana'a.

Har zaure ta same ni, ta durƙusa ta ce, "Kawu, gonarka ce a bakin kogi. Ka yarje mana mu kafa ta a can."

Na ce su je su kafa. Ranar da suka je kuwa na tafi ta'aziyya Miga.

Da na dawo na leƙa fadama, sai ga abin da suka kafa. Turken ƙarfe ne tsaye, da ɗan akwati a kansa, taku uku cikin gonata daga layin gamban da ya raba ni da ɗan baffana. Yaya nake kiransa, amma tun rabon gado muke kallon-kallo a kan wannan iyakar. Na tambaya, aka ce ai shi ya riƙe musu turken suna bugawa, har fura ya kawo musu. Fura! Mutumin da ko ruwan randa bai taɓa miƙo min ba.

A wajenmu ba a kafa ƙarfe a gona sai don shaidar iyaka. Yaran nan ba su san haka ba, su kwari kawai suke nema, inda ruwa yake fara taɓawa. Wannan daga baya na gane. A lokacin abin da na gani shi ne sun ɗauki hoton wurin, sun sa shi a taswirar wayarsu, kuma abin da ya shiga kwamfuta ai ya zama hujja. Na ce wato Yaya ya samu 'yan boko zai ci ni da su. Har ita yarinyar sai da na zarga, Allah ya yafe min.

Ban tambaye ta ba. Wata Laraba bayan azahar, da fadama ta yi tsit, na ɗauki diga na tuge turken, na haura da shi tudun da gamban yake. Na ma wuce layin da taku biyu, don shi ma ya ji in da daɗi. Na take ƙasar da ƙafa, na koma gida ina jin kaina gwani.

Shinkafa ta yi kai, ta fara ja, sai ruwa ya zo. Da saƙon ya iso da wuri, da mun yanke ta haka nan mun shanya a tudu. Ina tsaye cikin gona ruwa iya gwiwa wayata ta yi ƙara, wai ruwa ya kai alamar haɗari, a shirya. Can na hango Yaya ya ɗora hannu a ka. Shi ya fi kowa yarda da saƙon, har wasu ya hana yankan wuri, yana cewa a jira na'urar 'yarmu.

Bayan ruwa ya janye aka yi taro a ɗakin nasu, kowane kamfani ya faɗi yadda ta kaya. Ta gayyace ni, na je ba don ina so ba. Masu kifi suka yi bayani aka tafa musu. Da aka zo kanta, ta miƙe ta ce saƙonta ya makara da kwana biyu, kuskuren awo ne daga wajenta, tana roƙon manoma gafara. Wani ya yi tsaki. Baƙin da suka zo daga Kano suka rufe littattafansu. Ni kuwa gumi nake kamar babu fanka.

A kan matakala ta tarar da ni. Ta rage murya ta ce, "Kawu, na'urar tana ajiye duk motsin da aka yi mata. Sai bayan ruwa na duba. Laraba ce, bayan azahar."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Kawu Babba, Yayanka, yana zaune a ciki, da duk waɗanda suka yi asara. In na faɗa, da wa za ka ƙara gaisawa a garin nan?"

Yanzu tana Kano tana yi wa wasu aiki. Ruwan nan ya tafi da gamban kaf, turken ne kaɗai ya tsira. Da rani Yaya ya same ni ya ce, "Ƙanena, mu bar rigimar nan. Inda yaran suka kafa ƙarfensu, nan ne iyaka, ai da na'ura suka auna." Bai ma lura turken ya matsa taku biyu cikin gonarsa ba. Na ce to.

Har yau taku biyun nan ban taɓa shuka komai a cikinsu ba. Yaya yana yi min tsiya, wai lalaci ne.