Saƙon da Aka Ba Ummi a Bakin Teku

Fitowa daga Tudun Wada

Muna idar da sallar asuba ranar Alhamis muka tayar da mota daga Zariya. Mu shida ne: ni, da maiɗakina Hajiya Rabi, da 'ya'yanmu uku, sai Ɗanlami direba, wanda ya daɗe yana kwaso mini motoci daga Legas. Sana'ata ke nan, sayar da motocin hannu a bakin titi, kuma duk wanda ya san ni ya san Legas ba baƙon wuri ba ne a wurina. Amma ban taɓa zuwa don kallo ba. Na san inda ake sauke mota, na san inda ake cutar mutum. Teku kuwa ta gilashin mota kawai nake hango shi.

Abin da yara suka sani shi ne hutu za a je. Ni da Hajiya mun san fiye da haka. Likita ya tabbatar mana da ciwon daji a ƙirjinta, ya sa ranar aikin tiyata, kuma bai yi mana alkawarin komai ba. Da muka dawo daga asibiti ta ce abu ɗaya take so, a kai yaran nan su ga teku tun tana da ƙafarta. Na ce na yarda, amma ni ma da sharaɗina: kafin mu dawo, ta gaya wa Hauwa'u da bakinta.

Hauwa'u ce 'yar farinmu, shekararta goma sha shida. Hajiya 'yar cikin birni ce, a gidansu ana riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da aka yaye yarinyar aka kai ta Gyallesu wajen mahaifiyata, ba ta dawo hannunmu ba sai da tsohuwa ta rasu. Hajiya ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye. In tana son abu sai ta ce wa autarmu mai shekara shida, "Ummi, ce wa yayarki ta sauke tukunya," alhali Hauwa'u na tsaye a gabanta. Ba ƙiyayya ba ce. Na sha ganin ta tana ware tsoka mafi kyau ta ba Ummi ta kai mata. Amma in aikin nan ya zo da abin da ba a so, yarinyar nan ce za ta riƙe gida, kuma ba na so ta riƙe shi tana zaton uwarta ba ta taɓa sanin da ita ba.

Hajiya ta ce, "Kai ka gaya mata mana, Alhaji."

Na ce, "Rayuwata duka a tsakanin mai saye da mai sayarwa na yi ta. Wannan cinikin ba ya son dillali."

Kaduna zuwa Lakwaja

Mun shiga Kaduna gari ya waye sosai. Muka tsaya a bakin wata tasha muka sha shayi da ƙosai, don Ɗanlami ya ce ba zai hau hanyar Abuja ba sai motoci sun yi yawa. Abba, ɗanmu na tsakiya, ya tambaye shi dalili.

"Kura ba ta kama akuyar da ke tsakiyar garke, Abba. Sha shayinka."

Har muka wuce dajin da ake tare matafiya Hajiya na jan carbi. Shingaye kuwa na daina ƙirgawa tun kafin Gwagwalada. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya leƙo, ya ga yara, ya ce, "Alhaji, ina zuwa da iyali haka?"

"Yawon buɗe ido."

Ya yi dariya. "A ƙasar nan? To, a ba mu na ruwa, mu ma idonmu ya buɗe."

Da la'asar muka hau gadar Lakwaja. Ummi ta ga ruwa ta yi ihu wai ga teku, Abba ya ce mata baƙauya. Muka kama ɗaki biyu a wani masauki da fankarsa ke kuka fiye da yadda take ba da iska. Da gangan na shirya kwanan: maza ɗaki ɗaya, mata ɗaki ɗaya. Na sayo soyayyen kifi da doya na miƙa musu, na ja Ummi na ce ta zo ta taya ni zaɓen lemo. Mun daɗe a waje. Da muka dawo na tarar Hajiya ta juya wa ɗaki baya tana lazimi, Hauwa'u tana ninke kayan da ba su buƙatar ninki. Kifi ya huce, ba wanda ya taɓa.

Lakwaja zuwa Agege

Hanyar Okene ta wahalar da Hajiya. Duk ramin da muka faɗa sai na ga ta dafe gefen ƙirji ta cije leɓe. Na ce wa Ɗanlami ya rage gudu. Shi bai san komai ba, ya ce, "Alhaji, in na rage fiye da haka akuya za ta wuce mu." Ta madubi na ga Hauwa'u ta cire mayafinta na kafaɗa, ta naɗe, ta ba Ummi. Ummi ta miƙa wa uwarta, ita kuma ta tokare gefenta da shi.

Bayan Akure wasu samari suka jefa mana katako mai ƙusoshi a gaban taya, suna neman wata takardar da ko su ba su san sunanta ba. Na sauka muka yi ciniki irin na kasuwa, suka janye. A Badun muka ci amala. Abba ya ce tuwon ya ƙone, Ɗanlami ya ce haka Allah ya halicce shi. Daga nan zuwa bakin Legas tafiya ta yi daɗi, amma daga bakin Legas zuwa Agege sai da muka yi magariba a cikin cunkoso.

Mun sauka gidan Malam Garba, tsohon abokin cinikina, mutumin Hanwa da ya yi aure a can ya zauna. Matarsa Iya Basira Bayarabiya ce, Hausa a bakinta kamar a Zariya aka haife ta. Kallo ɗaya ta yi wa Hajiya ta ce, "Wannan ba gajiyar mota ba ce kaɗai." Hajiya ta ce ita ce.

Cikin gari

Ranar Asabar muka fita kallo. Muka hau doguwar gadar nan da ke bisa ruwa, yara suka manne da gilashi suna kallon gidajen katako da aka kafa a cikin ruwa, da masu kwalekwale. Ummi ta tambaya ina yaransu suke wasan ƙasa.

A kasuwar Idumota na yi nadamar fitowa. Mutum ba ya tafiya da ƙafarsa a can, jama'a ce ke ɗaukarsa. Na sa Abba a gaba, na riƙe Ummi, ina waige. Wani ɗan dako ya taho da dila a ka, gwiwar hannunsa ta bugi Hajiya daidai wurin ciwon. Ba ta yi ƙara ba. Ta dai durƙusa a gaban wani shagon atamfa, fuskarta ta yi fari. Hauwa'u ta tsaya a kanta ta buɗe hannuwa tana tare mutane, har da ture wani ƙato. Mai shagon ta ba da kujera. Da Hajiya ta farfaɗo sai ta zaɓi atamfa turmi ɗaya, shuɗiya, ta ce, "Ummi, tambayi yayarki ko wannan ta yi mata."

Da yamma na same ta ita kaɗai a tsakar gidan Malam Garba. Na ce, "Gobe teku, jibi hanya. Kin yi mini alkawari."

"In na buɗe baki sai in ji kamar an shaƙe ni. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta mutu, kuma shi ne ya saka ta a kabari da hannunsa."

"Shi ya san tana son sa?"

Ta ce, "Ban taɓa tambayarsa ba."

Bakin teku

Mun isa da hantsi ranar Lahadi. An karɓi kuɗin shiga, an karɓi na ajiye mota, an karɓi na rumfa, saura kaɗan a karɓi na iska. Kiɗa ta ko'ina, mutane rabi tsirara. Amma muka wuce su muka tsaya gaban ruwan. Abu ba iyaka, yana tasowa kamar gini yana rushewa. Hajiya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allahu Akbar. Ashe haka yake."

Ɗanlami ya ja Abba suka tafi jiƙa ƙafa. Na ga dama ta samu, na miƙa hannu zan ɗauki Ummi, sai Hajiya ta riƙe hannun yarinyar ta ce, "Bar ta." Na bar ta. Na zaga bayan rumfa na tsaya inda nake jin su. Ummi na tsakaninsu tana tara yashi.

"Ummi, ce wa yayarki ranar Talata ta sama za a kwantar da ni a asibiti."

Ummi ko ɗago kai ba ta yi ba, aikinta ne na kullum. "Yaya, wai ranar Talata za a kwantar da Mama a asibiti."

Hauwa'u ta ce, "To."

"Ce mata aiki za a yi mini. Za a yanke nan."

"Wai za a yanke..." Sai ta tsaya. Ta dubi inda uwarta ta dafa. "Mama, da wuƙa?"

Idon Hajiya na kan ruwa, maganar da ta daɗe a maƙale ta ɓalle, ba ta iya tsayar da ita. "Ce mata likita bai ce zan tashi ba, bai ce ba zan tashi ba. Ce mata in ban tashi ba, kada ta yarda a raba ku. Kada ta bari a kai ki gidan kowa, yadda aka kai ta."

Wannan Ummi ba ta isar ba. Hauwa'u ce ta yi magana. "Mama, ga ni nan fa. Ni za ki gaya wa. Ita yarinya ce."

Kafin in zagayo, Ummi ta ƙwalla ƙarar da ta fi kiɗan wurin. Ta ruga wajen Abba tana cewa za a yanka Mama, Mama za ta mutu. Abba ya taho da gudu, wandonsa a jiƙe, yana tambayata ko gaskiya ne. Ban taɓa sayar wa mutum mota na ɓoye masa ciwon inji ba, ban kuma ga yadda zan fara da ɗana ba. Na zaunar da shi na gaya masa yadda abin yake. Rumfar da muka biya ta wuni guda, ko azahar ba mu kai a cikinta ba.

Iya Basira da ta ji labari ba ta raga wa kowa ba. Ta ce wa Hajiya, "Kin ɗauki kayan da ya fi ƙarfin babba kin ɗora wa 'yar shekara shida." Ta juyo kaina. "Kai kuma Alhaji, da ka matsa sai an faɗa, ka tanadi inda za a faɗa?" Ban tanada ba. Na yi lissafin mai magana da mai saurare, na manta da ɗan aike.

Komowa

Litinin da sassafe muka kamo hanya. Ummi ta ƙi zama kusa da uwarta, ta ƙi zama kusa da yayarta, ta koma kujerar baya ta lafe jikin Abba. Ɗanlami, wanda bakinsa ba ya hutawa, sai da muka wuce Badun kafin ya ce, "Alhaji, da ka gaya mini, da ramukan nan na bi su a hankali."

Wajen Okene rana ta yi zafi. Hajiya ta waiga ta ce, "Ummi, ce wa..." Yarinyar ta toshe kunnuwa da hannu biyu ta ce, "Ba na faɗa! Ba na ƙara faɗa!" Hajiya ta mayar da kai gaba. Gorar ruwa na ƙarƙashin ƙafar Hauwa'u, kuma na san ta gane abin da ake nema. Ta ɗauko gorar ta riƙe a cinya, ba ta miƙa ba. Jira take yi. Na buɗe baki zan sa baki, sai na tuna abin da sa bakina ya jawo jiya, na fasa. Haka muka yi tafiya mai nisa, uwa da ƙishirwa, 'ya da ruwa. Sai da muka hango Lakwaja Hauwa'u ta gaji, ta buɗe gorar ta sa mata a hannu. Hajiya ta sha, ta ce, "Sannu." Ga gilashi ta faɗa, amma ba Ummi a tsakani.

Mun sake kwana a masaukin nan mai fanka. Ummi ta tashi da zazzaɓi, muka saya mata magani a Gwagwalada. Mun shigo Tudun Wada ranar Talata ana kiran la'asar, maƙwabta na yi mana barka da hutu, suna tambayar tsaraba.

Washegari ƙanwar Hajiya ta zo daga unguwar Kongo da jakarta, don da ita aka shirya za ta yi jinya, asibiti kuma mutum ɗaya suke bari ya kwana. Hajiya ta ce ta mayar da jakar. Ta dubi bango ta ce, "Ita nake so ta kwana da ni." Hauwa'u na bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta ce, "To, Mama."

Sunan Hauwa'u dai har yau ban ji shi a bakin Hajiya ba. Ummi kuma ta daina shiga ɗakin uwarta sai an rako ta, in an aike ta ko gishiri ne sai ta ɓuya a bayan ƙofa. Wannan asarar ni na jawo ta, ban kuma san ranar da zan mayar ba.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Malam Garba da Iya Basira, da Ɗanlami da ya ƙi karɓar kuɗin tafiya. Hajiya ce ta ce in rubuta, don masu 'ya'yan fari su karanta. Aiki yana nan ranar Talata mai zuwa. Wanda ya kai ƙarshen wannan labari, ya sa ta a addu'a.