Wanda Ya Sace Kukan Babur ɗin Sibiri

A duk unguwar Samandin ta Wagadugu babu wanda bai san Sibiri Nikiyema ba, kuma babu wanda Sibiri bai taɓa zargi ba. Mai sayar da fetur yana tsarma masa mai da kananzir. Mai faci shi ke watsa ƙusoshi a hanya. Matarsa Pogbi kuwa, da suka shekara talatin da ɗaya tare, in ta ce gishiri ya ƙare sai ya leƙa gwangwanin da kansa. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, hannunsa a sake yake, kuma ba a binne kowa a unguwar ba tare da shi ba. Amma in ka cika fara'a wajen gaishe shi, zai wuni yana lissafin abin da kake nema.

Aikin da ya yi ne ya ƙarasa shi. Shekara ashirin da shida yana tashar jirgin ƙasa, riƙe da 'yar guduma mai doguwar ƙota, yana bin ƙafafun taragu yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yakan amsa da dogon amo, mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ya yi ɗan guntun sauti ya yi tsit. Wato albashi ake ba shi don kada ya yarda da abin da ido ya gani. Ranar da ya ajiye aiki ya taho gida da gudumar, da wani guntun ƙarfen ƙafar tarago da ya kulle a akwati, da kuma imanin cewa kowa na iya yi masa ƙarya ban da kunnensa.

Duk wannan ƙwarewa sai ta koma kan babur ɗinsa, shuɗi, irin ƙananan nan da ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai. Rabin garin irinsa suke hawa, amma na Sibiri bai taɓa kwana a gaban bakanike ba. Bakanikai ɓarayi ne, in ji shi, suna cire sabo su mayar da tsoho kana tsaye. Kowane noti na jikin babur ɗin sai da ya ɗiga masa jan farcen Pogbi, yadda in wani ya taɓa zai gane. Mai ma shi ke haɗa abinsa a kwalba, yana ɗaga ta sama yana harararta.

Ranar Asabar yakan shimfiɗa buhu a gindin mangwaro ya kwance injin kaf. Ya sa ɗan magagari ya faɗaɗa ƙofofin silinda kaɗan kaɗan. Ya ɗora sanfefa a kan fasasshen gilashi ya goge kan injin har ya rage masa kauri. Ya sake jet ɗin kafireto, ya zare fulogi ya duba kalarsa. In ya gama haɗawa sai ya tayar, ya rufe ido, ya karkata kai, yana juya ɗan ƙaramin sukurun nan da sukudireba har injin ya yi wani siririn kuka mai kaifi. Sannan ya buɗe ido. Maganar gaskiya, babur ɗin yana gudu, samari da sababbin mashina sun sha shan hayaƙinsa a titin filin jirgi.

Mutum ɗaya tak ya taɓa sa hannu a jikin babur ɗin, shi ne Lamusa Drabo mai walda, wanda rumfarsa ke kallon ƙofar gidan Sibiri. Shi ya lanƙwasa masa salansa mai ƙaton ciki, bisa zanen da Sibiri ya yi a bayan kwalin sukari. Lamusa ɗan ƙabilar Samo ne daga Tugan, Sibiri ɗan ƙabilar Mosi, saboda haka abokan wasa ne tun daga kakanni, kuma shekara talatin ba su taɓa gaisawa da mutunci ba.

"Bawana, ka tashi?" Lamusa zai ƙwala daga rumfa. "Har yau wannan keken ɗinkin naka bai mutu ba?"

"Maci kare, wa ya ba ka izinin yi wa ubangidanka magana a tsaye?"

"Ka jira. Wata rana zan sace shi in sayar wa masu niƙan gero."

"Saci mana. Ɗan Samo ko an ba shi babur, a ka zai ɗauka."

Sibiri ba zai taɓa faɗa ba, amma wannan zagin shi ne karin kumallonsa. A gaban Lamusa kaɗai yake sakin jiki, domin mutumin da ke zaginka kullum a fili ba shi da abin ɓoyewa.

Bayan daminar wata shekara abu ya fara lalacewa. Wata Asabar ya tayar da babur, ya rufe ido, ya karkata kai, ya juya sukuru gaba, ya juya baya. Kaifin nan babu shi. Injin yana kuka kamar an lulluɓe shi da bargo. Ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya, jan farce yana nan daram. Ya zubar da man, ya sayo wani a can hanyar Bobo inda ba a san shi ba. Ya sauya fulogi. Ya cire salansa ya gasa ta a wuta har baƙin da ya daskare ciki ya kakkaɓe. Duk a banza. Ranar ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda salansar, sai kukan ya ɗan dawo. Bayan mako biyu ya sake dushewa, ya ƙara huji na biyu.

A daidai lokacin ne kuma ya lura unguwar ta sauya masa. In ya iso majalisa sai mutane su riƙa magana ƙasa ƙasa, yana kallon bakinsu yana motsi. Mai shago ya fara sayar masa da matattun batura, rediyo sai an ƙure ta. Mai buga ƙararrawar coci ya zama rago. Abin da ya fi tsaya masa a rai, duk lokacin da ya dawo gida sai ya tarar Pogbi ta riga ta buɗe masa ƙofa tana tsaye.

"Wa yake gaya miki ina tafe?"

"Baban Talato, tun daga shataletale nake jin ka."

"Da wannan babur ɗin da ba ya ko tari? Pogbi, ki ji tsoron Allah."

Da huji ya kai bakwai, babur ɗin ya fara rasa ƙarfi, domin irin wannan salansa cikinta ne ke riƙe wa injin numfashi, kuma Sibiri ya fi kowa sanin haka. Amma zargi ya riga ya rufe masa ido. Shi a wajensa hujja ce ta fito: kuka ya tafi, yanzu ga gudu ya bi shi, lalle an yi masa aika-aika. Ya zauna ya bi kwanakin damina ɗaya ɗaya, sai ya tuna. A watan takwas maƙalin salansar ya karye, ya bar ta a rumfar Lamusa daga hantsi zuwa la'asar, kuma ita kaɗai ce bai ɗiga wa jan farce ba. Ya yi kwana uku yana korar tunanin, tunanin yana dawowa da ƙarin shaida. Ba Lamusa ne kullum yake cewa zai sata ba?

Ranar Talata da rana tsaka ya tsallaka titi da salansar a hannu. Akwai mutum huɗu a rumfar suna jiran aiki.

"Ina tawa?" ya ce. "Wannan ba ita ba ce. Ko ka musanya, ko ka cusa wani abu ka liƙe."

Lamusa ya ɗaga baƙin gilashinsa ya fashe da dariya. "Na sace, bawana! Na sayar, na sha zom-kom da kuɗin, ko kurɓi ban rage maka ba."

"Lamusa Drabo, ba wasa nake yi ba. Ɓarawo nake kiranka, a gaban mutanen nan."

A tsakanin Mosi da Samo abokin wasa yana iya kama akuyarka a gaban idonka, yana iya shiga kabarin ubanka ya zauna ya ce ba za a binne ba sai an lallashe shi, kowa ya yi dariya. Amma ba a kiran cikakken sunansa da ɗaurarriyar fuska, ba a kuma tuhumarsa da gaske. Tsofaffi ma ba su da wani tsari na sasanta irin wannan, don ba a yi tsammanin wani zai aikata ba. Lamusa ya daɗe yana kallonsa. Ya karɓi salansar, ya juya ta, ya ga hujojin, ya miƙa masa da hannu biyu.

"To, Musye Nikiyema. Allah ya huci zuciyarka."

Daga ranar Lamusa ya shiga girmama shi, ba ya kiransa sai da Musye, yadda ake kiran manya da Faransanci. Da safe sai ya miƙe tsaye ya cire hula, ya tambayi lafiyar iyali, ya koma aikinsa. Sibiri bai taɓa sanin ladabi yana da zafi haka ba. Ya daina cin wake da shinkafarsa ta safe, ya rame a wuya. Amma da yake taurin kai gado ne a gidansu, sai ya huce a kan salansa, huji ya kai goma sha ɗaya. In ya tayar, zabin maƙwabta su tashi sama, mata su kwashi jarirai su shige ɗaka, shi kuwa yana ganin duk iya shege ne aka shirya masa.

Pogbi ce ta gaji. Wata Asabar ta ajiye muciya, ta zo ta murɗe makullin mai, ta tsaya a gabansa har injin ya mutu. Ta durƙusa daidai fuskarsa ta ɗaga murya.

"Babu wanda ya taɓa maka babur. Kunnenka ne, Baban Talato. Wata shida ina kiranka sau uku kafin ka waiwayo. Kowa ya sani, tsoron bakinka ya hana a faɗa maka. Ka zubar da abokinka a kan banza."

"Kunnena?" Har dariya ya yi don takaici. "Ke ma sun saye ki. Tsaya nan."

Ya shiga ɗaki ya buɗe akwatin da makullinsa ba ya barin wuyansa. Ya fito da gudumar da guntun ƙarfen nan, ya rataye shi da waya a reshen mangwaro. Wannan dai babu ɗan Samo ko ɗan Mosin da ya taɓa shi. Ya san amonsa kamar sunansa, yakan ƙirga goma sha biyu kafin ya ɗauke. Ya gyara tsayuwa, ya rufe ido, ya buga.

Ya ƙirga uku, sai shiru.

Ya buɗe ido. Tsaga ce, ya ce a ransa, ƙarfen ya tsage a akwati. Ya kai yatsa zai laluba, sai ya ji ƙarfen yana rawa a ƙarƙashin fatarsa, yana zirr, da ƙarfinsa. Ya janye hannu. Ya sake bugawa, ya jira shirun, ya sake taɓawa da bakin farce. Yana nan yana rawa. Ya waiwaya, ga Pogbi can bakin murhu ta juya masa baya, tana goge ido da gefen zane.

"Har yanzu yana yi?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai. Ya tsaya yana kallonta har ta ɗaga hannu, alamar yanzu ne ya ɗauke.

Ya zauna a kan buhun nan har inuwa ta juya. Ba kunnen ne ya fi ba shi baƙin ciki ba, ko da yake ya yi kukansa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne hannu biyun da Lamusa ya sa ya miƙo masa salansa.

Da la'asar ya tura babur ɗin ya tsallaka titi, bai tayar ba. Pogbi ta biyo shi da ƙwaryar zom-kom, ruwan garin geron nan, don ban haƙuri, ta ajiye a bakin rumfa ta koma. Lamusa ya miƙe, ya cire hula.

"Huji goma sha ɗaya ne," in ji Sibiri, idonsa a ƙasa. "Ni na yi su da hannuna. Salansar taka ce, ba ta da laifi. Ni ne ba na ji."

Lamusa ya dubi ƙwaryar, ya dubi babur, ya ce wani abu. Sibiri ya ga leɓensa sun motsa, gajeriyar magana ce, amma ko Musye ya ce ko bawana, bai sani ba, kuma duk abin da ya kawo shi yana cikin wannan kalma. A rayuwarsa bai taɓa roƙon a maimaita masa magana ba.

"Ban ji ba," ya ce. "Don Allah ɗaga murya."

Lamusa ya ajiye hular a kan teburin walda. Ya zagayo a hankali, ya kama kunnen Sibiri na dama da baƙaƙen yatsunsa, ya ja shi kamar na ɗan akuya, ya kafa baki.

"Na ce zom-kom ɗin babu sukari, kurman bawa! Ɗan Mosi ko haƙuri zai bayar sai ya yi rowa!"

Sibiri ya ji wannan tas. Ya buɗe baki zai rama da maci kare, sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin gemunsa.

Kafin rana ta faɗi an toshe hujojin duka, an mayar da salansa. Sibiri ya tayar da injin, ya durƙusa, ya sa sukudireba a kan ɗan sukurun. Ya fara rufe ido yadda ya saba, sai ya fasa. Lamusa ne ya rufe nasa, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Sibiri ya riƙa juyawa a hankali yana kallon yatsan, har ya sauka.