Hoton Malam Da Na Naɗe Da Danshinsa

Edita, a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in ni matashin ɗan kasuwar takalma ne daga Kano, ina cikin tsirarun da suka fara zuwa Guangzhou saro kaya. Lokacin kaina hayaƙi yake yi. Na saba in shiga shagunan kasuwar takalma ta Zhanxi in ɗaga murya, in nuna agogo, cikin 'yan kwanaki kaya su fito, har na ɗauka komai na ƙasar Sin da tsawa ake samunsa. Wannan halin ne ya ja mini abin da har yau ban iya gaya wa 'ya'yana ba.

Mahaifinmu, wanda muke kira Malam, ba ya son kyamara. Sau ɗaya ya taɓa tsayawa a gabanta, don fasfon aikin Hajji. Bayan rasuwarsa hoton nan guda ɗaya ya rage, baƙi da fari, ɗan mitsitsi, Inna ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta ajiye a ƙasan akwatinta. Da yanar ido ta fara rufe mata gani, sai in tarar ta kai shi har bakin hancinta tana ƙoƙarin gani. Abin yana sosa mini rai. Masu hoto sun ce idan aka faɗaɗa shi dishi-dishi zai fito, don haka na roƙe ta ta ba ni in tafi da shi Sin, inda na ce babu abin da ba a yi. Da za ta miƙo mini, cewa kawai ta yi amana ce.

Wani abokina mutumin Maraɗi, wanda ya riga ni zama a can har yana tsintar yarensu, shi ya kai ni wajen wani tsoho mai zane da fentin mai, a wani lungu bayan titin Huanshi. Ɗakin ƙanƙane ne, yana warin mai. A bango akwai zanen wata tsohuwa ta rufe ido tana riƙe da turaren tsinke, da na wani dattijo Musulmin Sin mai farar hula, haske ya sauka a goshinsa. Sai da na yi wa dattijon nan sallama a zuciyata. Tsohon ya daɗe yana duban hoton Malam da gilashin ƙara gani, sannan ya tambaya a wane hali na fi tuna shi. Na ce a kan buzu bayan sallar asuba, ya ɗaga hannu yana addu'a. Ya ce haka zai zana shi, amma tunda hoton kai ne kawai, ni zan riƙa zama masa yana ɗaukar hannuwa.

Aikinsa ba irin na masana'anta ba ne. Da kansa yake niƙa launi a kan dutse ya kwaɓa da mai. Ya fara da ruwan ƙasa, ya bar shi ya sha iska, ya ɗora toka-toka, sannan ya riƙa bin sa da shafi siriri bisa siriri. Hannuwa ya fara gamawa, fuska ya bari ƙarshe. Ranar da na ga idon Malam ya fito a jikin yadin da yake zanen a kai, da ɗan karkata kan nan nasa, fita na yi bakin matakala na yi kuka. Sai dai lokacin ne na danshin garin, wanda bango ke gumi, wanki ya kwana a igiya bai bushe ba. Tafiyata ta matso, tsohon ya ce fuskar ɗanya ce, in bar zanen sai na dawo da kaka.

Nan halina ya tashi. Na ɗauka irin jan ran 'yan shago ne. Abokina ya fassara mini sau da dama cewa sama ce kawai ta kama, cikin bai bushe ba, ya ce in ji tsoron Allah in haƙura. Na ce ni ban zo Sin a koya mini ɗaure kaya ba. Na taɓa gefe da yatsa, ban ga ya ɗauko komai ba. Na cire yadin daga katakon da aka kafe shi a kai, na shimfiɗa masa leda, na sa ɗan hoton da Inna ta ba ni a tsakiya don kada ya lanƙwashe, na naɗe tam kamar tabarma. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya zauna a kujerarsa ya juya mana baya. A masauki na cusa naɗin cikin jaka tsakanin samfuran takalma, na hau kai na zauna na ja zif, kamar yadda muke yi wa kowane kaya.

A gida na tara 'yan'uwa a ɗakin Inna, ina ta cika baki. Da na fara warwarewa, ledar ta ƙi sakin yadin. Na ja a hankali, sai fuskar Malam ta biyo ta, ta zama dabbare-dabbaren ja da ruwan ƙasa. Ɗan hoton kuwa ya zame ya manne a ɗanyen fentin. Da na ɓamɓaro shi, bayan takardar ne ya zo hannuna, fuskar ta yage ta tsaya a can. Inna ta ce a matso mata da shi. Ta shafa inda fuska ya kamata ta kasance, ta gangaro kan hannuwan, waɗanda su kaɗai suka tsira saboda sun riga sun bushe. Ta kai idonta kusa, ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan ba hannun Malam ba ne. Naka ne."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta koma ga Allah, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da kaka na koma wajen tsohon, na roƙe shi ya sake. Ya ce babu hoto, ba zai ƙaga wa mutum uba ba, amma in kwatanta masa ya gwada. Na buɗe baki, na ce yana da gemu fari, dogo ne. Daga nan na tsaya. Ashe ni ma da ɗan hoton nan nake tuna fuskarsa.

Na san wasu za su ce dama zana mai rai ba abin yi ba ne. Wannan na bar wa malamai, ina kuma neman gafarar Allah. Abin da ni na gani shi ne, na ɗauki amanar tsohuwa na yi mata ɗaurin takalmi, mai sana'a yana faɗa mini gaskiya na ƙi ji don na saba a bi umarnina. 'Yan'uwana masu fatauci, idan mai aiki ya ce abu bai yi ba, ku saurara, kuma abin da babu na biyunsa kada ku fita da shi daga hannun mai shi. Yadin yana nan a ɗakina. Duk lokacin da yarana suka tambaye ni kamannin kakansu, ba ni da abin nuna musu sai hannuna.