Shekarun da na yi a kan hannun riga

Lokacin da na fara aiki a wani shagon ɗinki a Chikaji, na riga na iya fitar da riga tun daga yanka har guga. Gwaggona ce ta koya mini a Samaru, a kan tsohon kekenta. Kayan makaranta ake ɗinkawa a shagon. Mata ne mu zalla, kowacce da rigarta a hannu har ta gama.

Sai ɗan mai shagon ya karɓi wurin daga mahaifinsa. Ya tara mu ya ce, "Daga yau kowacce abu ɗaya za ta riƙe. Ke yanka, ke wuya, ke maɓalli." Ya nuna ni. "Ke kuma hannu."

Gaskiya aiki ya yi sauri. Riguna suka riƙa taruwa tuli, har makarantun Jushi suka kawo nasu. Na saba har ina ɗinki ina kallon taga. Amma ban ƙara ganin riga ta kammala a gabana ba. Hannun dama, hannun hagu, in jefa kwando, wata ta ɗauka. Da na roƙi ya mayar da ni wajen yanka ko na ɗan lokaci, cewa ya yi, "Ai ba mai saurinki a hannu. In na ɗaga ki, kowa ya tsaya." Wai yabo ne. Da shi ya ɗaure ni shekara da shekaru.

Da ya sayo kekuna masu lantarki, ya sallami da yawa daga cikinmu. Har da ni.

Na ɗauko keken gwaggo na kafa a gida. Wadda ta fara kawo mini ɗinki wata 'yar cocinmu ce, da atamfarta ta Kirsimeti. Na shimfiɗa, na ɗauki almakashi, sai na tsaya cak. Yadda ake fitar da kafaɗa ya ɓace mini. Na yanka a haka, rigar ta fito a karkace. Ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Yaya, hannayen dai sun yi kyau." Ba ta sake dawowa ba, kuma labari ya zaga.

Yanzu a kasuwar Sabon Gari nake zama, bakin shagon wani tela, ina yi masa kalmasa da gyaran zif. Kwanaki ɗan mai shagon nan na Chikaji ya zo layinmu sayen zare. Na gaishe shi. Ya ce, "Sannu, Mama," ya ci gaba da ciniki. Bai gane ni ba.