Yadda Na Karkatar da Surukina a Takarda

Shekarun baya, lokacin nan da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki, ko'ina tutoci da lasifika, sai ɗana ya ga babu lokacin da ya dace da aure kamar wannan. Yarinyar 'yar Gazawa ce. Su suka ga juna suka so, mu iyaye a dafe aka kawo mana maganar. Ubanta babban ɗan kasuwar aya ne, Alhaji na gaske, kuma a shekarar yana neman kujerar konseye, wato kansila. Ni kuwa manomi ne a wani ƙauye kusa da Cadawa, jam'iyyar da nake yi wa ihu kuma ba tasa ba ce. Amma mun yi alkawari siyasa ba za ta shiga tsakaninmu ba.

Ku da kuke karanta ni, ku sani aji biyu na yi a lakol, makarantar boko ke nan, na biyun ma rabinsa a bisa tsamiya na yi shi. Sauran karatuna na yaƙi da jahilci ne. To irin wannan mutumin aka aika garin Agiye ya bugo katin gayyata, wanda ake jera sunayen iyalan ango da na amarya. Mai ɗakina ta raka ni har ƙofar gida tana cewa, "Malam, ka miƙa masu sunayen, ka yi shiru, ka amso. Shi ke nan aikinka."

Shagon na wata mata ne mai ordinata, na'urar nan da wasu ke kira kwamfuta. Ban taɓa zama kusa da abin ba sai ranar. Ta buga sunayen, ta waiwayo ta ce, "Baba, wane irin rubutu kake so?"

Na ce, "Ɗiyata, rubutu ma iri-iri ne?"

Da ta san ni, da ba ta nuna mani ba. Ta taɓa wani wuri, sunana ya kumbura ya yi baƙi ƙirin. Ta sake taɓawa, ya karkace gefe. Ta sake, aka ja masa layi a ƙasa. Ta faɗi sunayensu da Faransanci, ban riƙe ko ɗaya ba, sai na raɗa masu nawa: mai ƙiba, mai karkace, da mai tabarma. Ta nuna mani yadda ake tura suna tsakiya, ko a jingina shi gefe, ko a ƙara masa tsawo.

Nan fa na manta da gargaɗin gida. Ni da nake siriri kamar karan dawa, tunda aka haife ni ban taɓa yin ƙiba ba, ga ta yau a ɓagas. Na ce a ba ni mai ƙiba. Dattawan gidanmu na sa aka shimfiɗa masu tabarma. Da aka zo kan Alhaji kuwa, na yi tunani sosai. Mutum ne da ba ya sa hula a miƙe, kullum a karkace take irin ta masu hali. Wallahi duk cikin rubutun babu wanda ya burge ni kamar mai karkacen nan, sai na ce shi ya dace da surukina.

Matar ta ce, "Baba, yawanci iyalai iri ɗaya ake yi masu."

Na ce, "Iri ɗaya kamar 'yan lakol? Buga kawai."

Na dawo gida ina jin kaina kamar wani sufeto. Aka raba kati.

Ba a jima ba sai ga ƙanen Alhaji a kan babur, fuska a murtuke. Ko ruwa bai sha ba. Ya ajiye sauran katin da muka aika masu, ya ce Alhaji ya ce a dakata da maganar ɗaurin aure. Ashe katin ya faɗa hannun 'yan hamayyarsa, wato 'yan jam'iyyata, suna ɗaga shi a kasuwar Gazawa suna cewa, "Ku zo ku ga ɗan takara ya fara kwanciya tun ba a jefa ƙuri'a ba! Kuma surukinsa ne ya ture shi, ku dubi yadda shi ya yi ƙiba!"

Ɗana ya shiga ɗaki ya ƙi cin tuwo. Mai ɗakina ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Abin da ta ce kawai, "Mai ƙiba, sai ka tashi ka je ka gyara."

Na iske Alhaji a rumfarsa, buhunan aya a bayansa. Gaisuwar ma da ƙyar ya amsa.

"Malam, me na yi maka? Ɗiyata na ba ɗanka. Sai ka kayar da ni a gaban jama'a?"

"Alhaji, wallahi girmama ka na yi. Taɓa kanka ka ji."

"Kaina kuma?"

"Hularka. A miƙe take?"

Ya kai hannu ya taɓa. Masu awon aya suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Shi bai yi dariya ba, amma na ga gashin bakinsa ya motsa. Ya ce shi bai yarda ba sai ya ga na'urar da idonsa, kuma a gabansa za a miƙar da shi.

Muka haɗu a Agiye, muka sa matar a tsakiya. Ta miƙar da sunansa da taɓawa ɗaya. Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Amma Alhaji ya ga abin da na gani.

"A ba ni ƙibar nan ni ma."

Ta ba shi.

"Da tabarma. A ƙara tsawo."

Ni kuma sai shaiɗan ya ce mani, kai uban ango ne fa. Na ce, "Ɗiyata, kada nawa ya zama kamar ɗan rakiya." Ta ƙara mani. Ya ce a ƙara masa. Na ce a mayar da ni tsakiya. Ya ce tsakiyar ta gadona ce? Muna ta yi, dattawa biyu da furfura, kowa yana nuna gilashi da yatsa, har sunayenmu suka zama kamar allon tasha.

Sai matar ta ɗauke hannunta ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ango da amarya sun faɗo."

Muka ce, "Sun faɗo ina?"

"Kun cika takardar. Babu wurinsu, sun koma shafi na biyu. Kati kuwa shafi ɗaya ne."

Muka duba. Gaskiya ne. Ga ni, ga Alhaji, manya-manya, amma babu sunan ɗana, babu na ɗiyarsa. Katin aure ba masu aure.

Alhaji ya cire hular ya riƙe a hannu. Can ya ce, a hankali, "Malam, auren wa za a yi?"

Na ce, "Da alama namu ne, Alhaji. Sai dai ban shirya lefe ba."

Dariyar da ya yi har da tari. Ya share ido ya ce wa matar, "Ɗiyata, mayar da mu ƙanana, iri ɗaya. Yaran nan su za ki ba ƙibar."

Na zaci sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a'a, akwai salon da ake ɗinka wa sunaye kamar anko: na manyan kai daban, na sauran daban, in ta gyara ɗinkin sau ɗaya, duk wanda ke cikinsa ya canza. Ta taɓa, muka sauko gaba ɗaya, ni da shi da masu tabarma. Yaran suka hau sama, a tsakiya, su kaɗai.

An ɗaura aure. Ɗana ya ci tuwo har da ƙari.

Zaɓe kuwa, Alhaji bai ci ba. Har yau in mun haɗu wajen suna ko biki, yakan nuna ni ya ce wa jikokinmu, "Ga wanda ya karkatar da ni nan." Ni kuma in ce hularsa ce ta fara.

Yanzu ina ganin yara suna yi wa rubutu ƙiba da karkace a waya kamar wasa, sai in tuna saura kaɗan in rushe gidan ɗana tun ba a gina shi ba. Abin da na koya a shagon nan shi ne, takarda wuri ne ƙarami, kamar zaure: in wani ya baje, wani ne zai tsaya a waje. Shi ya sa duk abin da nake rubuto maku, siriri nake barin sa. Ƙibar nan sau ɗaya na gwada ta, ba ta karɓe ni ba.