Washar da Ta Fi Tsada a Bakolori

Duk abin da na manta na zamana a aikin madatsar ruwa ta Bakolori, ban taɓa mantawa da ranar da na ɗaga kai na ga injiniyanmu yana rarrafe a kan rufin kwano, da gilashi a ido, yana sumbatu shi kaɗai ba. Laraba ce, tsakiyar damina, a shekarar da aka fara tare ruwa. Ni kuwa ina ƙasa da sifana a hannu, na riga na fara tsara abin da zan gaya wa mahaifiyata a Morai idan aka kore ni.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san tsarin lokacin ba. A ma'aikatar gyara, daga lebura sai makaniki mai daraja ta uku, sai ta biyu, sai ta ɗaya, sai helma, wato shugaban ma'aikata, sannan injiniya. Ni ina daraja ta uku, saura wata guda in zauna jarrabawar ta biyu, kuma injiniya ne mai jarrabawar. Akwai doka ɗaya da ba a sassautawa: duk ƙarfen da za ka ɗaura a jikin dam, ko da ƙusa ce, sai ya fito daga sito. Wanda aka kama ya sa abin waje, a ranar zai ajiye hular kwano ya kama hanya. Kowane aiki yana da takardarsa. In ka gama, injiniya ya duba ya sa hannu, a adana ta a ofis.

Injiniyan namu Bature ne dogo, Mai Gilashi muke ce masa a bayan idonsa. Mutumin kirki ne, yana jin Hausa daidai gwargwado, amma yana da ciwo guda, wato tsofaffin kuɗi. Da hutun rana sai ya same mu a gindin bedi, wato darbejiya, da wani littafi mai hotunan kwabbai, ya fara lissafa abin da zai saya da Allah zai ba shi dukiya marar iyaka. Babu mota a ciki, babu gida. Zinariyar wani sarkin Rum ce, da azurfar da aka tsamo daga jirgin da ya nutse a teku. Amma gaba da su duka, wai kwabo ne mai huji, irin namu na da. An yi kuskure wurin buga shi: fuska ɗaya sunan wani sarkin Ingila da bai daɗe kan mulki ba, ɗaya fuskar kuma shekarar da ta zo bayan saukarsa da nisa. Ya ce waɗanda suka rage a duniya ba su da yawa, kuma shi bai taɓa riƙe ɗaya a hannunsa ba.

Helma Bawa, mutumin Garbadu ne, ba ya barin magana a ciki. Ya ce, "Ranka shi daɗe, wato in ka samu kuɗi, kuɗi za ka saye da su? Kuɗin da ko ƙosai ba su saye?"

Bature ya ce ƙwarai.

"To in ka saye, mi kaka yi da shi?"

"In sa shi a akwati."

"Sannan?"

"In buɗe in duba shi."

Helma ya girgiza kai ya ce, "Allah shi ba da lahiya." Muka yi ta dariya, shi ma yana taya mu. Ni dai ban taɓa leƙa hoton ba, ɗumamen tuwona ya fi damuna.

Da ranin shekarar nan aka ba ni aikin kafa allunan awon ruwa. Farantai ne na ƙarfe masu lambobi, ana jera su a jikin hasumiyar dam daga ƙasa zuwa sama, don in ruwa ya taru a san inda ya kai. Ana ɗaure su da ƙananan notoci, kowane noti da washarsa, wato ɗan zoben ƙarfen nan mai huji da ke hana shi ci cikin farantin. Na je sito, mai sito ya ce washa ta ƙare, jirgin ruwan da ya ɗauko ta yana can tsaye a Ikko, wato Legas. Na koma wurin Helma, ya ce, "Kai Sani, ni ban san jirgi ba. Allon ga shi hau kahin Jumma'a. Yadda za ka yi kuma kak ka gaya min."

Ranar Talata na shiga kasuwar Mafara raina a ɓace. A layin masu kuka da daddawa na ga wata tsohuwa daga wajen Maradun, Gwaggo Hajo, da ƙwarya a gabanta cike da kwabbai masu huji. Na tsuguna na gaishe ta, muka tambayi gida da gajiya da zafi har muka ƙare, sannan na tambayi kwabban. Ta ce maigidanta marigayi, Malam, shi ne ya binne su a tukunya ƙarƙashin gado bai gaya wa kowa ba. Sai da aka ce su tashi ruwa zai zo, ana rushe ɗakin, tukunyar ta bayyana, ga shi tuni an canza kuɗi zuwa naira. Na zaro noti daga aljihu na zura a hujin kwabo. Wallahi kamar don shi aka yi. Na ce nawa, ta ce, "Ɗana, wa ka sai da mushe? Ga bokitina hannu ya cire, gyara min ka kwashe su." Na gyara hannun bokiti da waya, na juye ƙwarya a buhu.

Ranar da zan fara, na zauna ina zaɓe. Maigidan da ya koya mini aiki ya horar da ni a kan abu ɗaya: washar da ta fi kyau ana sa ta a inda ba za a sake komawa ba. Cikin tarin nan akwai wani kwabo sabo fil, kamar hannu bai taɓa shafarsa ba. Ya burge ni har na ɗora takardar aikin a kansa ta baya, na goga fensir yadda muke yi muna yara, fuska biyun suka fito raɗau, da kambin da tauraron da rubutun. Sannan na sauka can ƙasan hasumiya na sa shi a notin farko na allo na ɗaya. Na ɗaure iya ƙarfina, na bi kan notin da guduma na tauye shi don kada ya taɓa kwancewa. Mai Gilashi ya leƙo daga sama, ya ga alluna a jere, ya sa hannu. Ragowar kwabban na ƙarar da su a rufin ma'aikatarmu, ƙarƙashin kawunan ƙusoshi, da aka ce mu sake kwanon kafin ruwa ya sauka.

Aka rufe ƙofofin dam, damina ta kankama, ruwa ya haye allo na ɗaya da na biyu da na uku. Hankalina ya kwanta. Sai ga wannan Larabar. Ofishin Bature yana ƙarshen ma'aikatar, rufinmu ɗaya, ya ga ɗigo a kan teburinsa ya hau da kansa ya duba. Da ya sauko gwiwoyin wandonsa duk tsatsa, da kwabo mai huji a hannunsa, ya ce a kira wanda ya yi rufin. Helma ya raɗa mini, "Ruhi kaɗai, ka ji? Kak ka ambaci hasumiya." Rufi ƙaramin laifi ne, ba jikin dam ba ne. Na ce wa Bature duk abin da na samu yana nan a saman kansa.

Maimakon takardar gargaɗi, sai ya ba da umarnin wai binciken rufi na musamman. Makanikai goma sha biyu, har da masu daraja ta ɗaya da ake ji da su, muka hau sama muna zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya muna jefa kwabbai a bokiti, shi kuma yana zaune a ƙasa yana duba kowanne da gilashi yana tsaki. Manoman da ke wucewa suka tsaya suna kallon mutanen da ke kware rufi a watan da kowa ke toshe nasa. A rana ta uku, bayan la'asar, saura kwano biyu, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan da aka yi ranar, har cikin aljihun teburin Bature.

Da safe muka kwaso takardun ofis muka shanya su a fili, kowace da dutse a kai. Yana bi yana juya su don su bushe. Ina kallonsa ya juya wata mai zanen fensir a bayanta, ya tsaya cak. Ya sa gilashi. Ya aika aka ɗauko littafinsa, ya buɗe ya ajiye kusa da ita. Sannan a hankali ya juya gaban takardar ya karanta: allo na ɗaya, makaniki Sani Morai, da sa hannunsa a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni.

"Sani, wannan kwabo yana ina?"

Na dubi Helma, Helma ya dubi sama. Na ga ƙarya ta ƙare. Na ɗaga hannu na nuna masa dam.

Bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan tayar tirakta ya riƙe kai, ni kuma na cire hular kwano na riƙe a hannu don kada a wahala wajen karɓa. Can ya tashi ya tafi wurin babban injiniya ya roƙi a buɗe ƙofofi a rage ruwa. Aka tambaye shi dalili, ya kasa faɗa, aka ba shi shawarar ya sha maganin zazzaɓi.

Washegari ya sa aka nemo masa wani masunci daga Bakura mai suna Mamman, wanda ake cewa yana iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Ni aka sa in koya masa riƙon sifana, hagu kwancewa, dama ɗaurewa. Muka shiga kwalekwale mu huɗu, aka ɗaura wa Mamman igiya a ƙugu. Nutso na farko ya fito da tarwaɗa, ya ce ita ya tarar a wurin. Na biyu ya ce ya taɓa allon. Na uku ya daɗe har Helma ya fara salati, sannan ya ɓullo yana haki, ya jefa sifana cikin jirgi ya ce, "Wanda yaɗ ɗaure notin ga, ko shi mugu na, ko shi gwani na. Ko aljani ba shi kwance shi." Bature ya dube ni. Ban san ko in ba da haƙuri ko in ce na gode ba.

Ranar Talata ya ce in kai shi wurin tsohuwar, ko akwai saura. Ni ma ina son zuwa, don abin yana cin raina: an ce kwabon ya fi albashina na shekaru, ni kuwa hannun bokiti na ba ta. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na ce ta yafe mini. Ta ce babu saura, kuma bokitin har yanzu bai cire ba. Sai ta dubi Bature, ta ga idonsa ya yi ja, ta ce, "Mi as same shi?" Na ce baƙin cikin kwabon ne, ruwa ya rufe shi.

Ta ce, "Hwaɗa mai shi yi haƙuri. Ɗakina na ciki, gonata na ciki, kabarin Malam na ciki, ni ga ni nan ina sai da daddawa. Kwabon Malam na, ya bi mai shi."

Na buɗe baki zan fassara, Bature ya ɗaga mini hannu, ya ji. Ya cire hularsa. Daga nan ya sayi daddawar gabanta gaba ɗaya, abin da bai ma san yadda ake ci ba, muka dawo a mota duk warin daddawa.

Ba a kore ni ba. Helma ya ce dalili a fili yake: in Bature ya kai ƙarata, sai ya faɗi wanda ya sa hannu bai sauka ya duba ba, da wanda ya kware rufi da damina. Wataƙila haka ne, amma ni na fi zaton maganar Gwaggo Hajo ce, don daga ranar bai sake kawo littafin nan gindin bedi ba. Da jarrabawa ta zo ya miƙo mini noti da sifana, sai kuma ya karɓe abinsa ya ce ba sai na ɗaure ba, ya riga ya gani. Na samu daraja ta biyu. Takardar mai zanen fensir kuwa ya sa ta a gilashi, ita ya tafi da ita ƙasarsu.

Abin da na koya, kuma nake gaya muku: kada ku sa hannu a kan aikin da ba ku sauka kun gani da idonku ba, kuma kada ku sa abin da ba na sito ba, don ba kowa ne zai dace da injiniya mai irin wannan ciwon ba. Na kuma gane cewa mu masu aikin muna auna ruwa da lambobin allo, ba mu cika tambayar abin da ya rufe ba. Jirgin washa ya iso bayan wata biyu, aka cika sito da ita har ta yi tsatsa. Allo na ɗaya kuwa, har na bar aiki ban ji an ce ya motsa ba.