Filon da Na Sa Ƙarƙashin Kwamfutar Baba

Tun kafin Baba ya yi ritaya yake da rediyonsa mai doguwar eriya a gidanmu na Unguwar Dosa, yana gaisawa da mutanen ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Da kunnensa ya yi nauyi sai ya haɗa rediyon da tsohuwar kwamfuta. Ita ke sauraron ƙarar, ta fassara, ta rubuta masa saƙon ya karanta. Wannan kaɗai ke fito da shi daga ɗaki.

A kan darduma yake zama, yana sunkuyo har bayansa ya ƙage. Ni uwar iyayi, na ɗauko filo mai laushi na ɗora kwamfutar a kai, har ina jin na yi abin kirki.

Daga nan amsa ta ɗauke. Ya yi kira, shiru. Wajen sati uku! Ya rage cin abinci, ya daina fitowa tsakar gida. Ranar da ya ce a kira mai walda ya sauke eriyar, wai duniya ta manta da shi, gabana ya faɗi.

Na sungumi kwamfutar sai Babbar Kasuwa, ina ta sababi an bar tsoho da rubabben kaya. Mai gyara ya duba ya ce lafiyarta lau.

"Hajiya, a kan me kuke ɗora ta?"

Na faɗa masa. Ya dafe kai.

"Ai kun toshe mata hanci! Fassarar nan aiki ne mai nauyi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ake so ta gama kafin wani saƙon ya shigo. In ta yi zafi sai ta rage gudu, amsa ta wuce ba ta rubuta ba."

Innalillahi! Ashe mutane na ta amsa masa.

Na dawo na ɗora ta a kan kujerar tsugunno. Baba ya yi kira ba da son ransa ba. Layukan amsa suka fara sauka.

"Me ya same ta da?" ya tambaye ni.

Na faɗa a hankali, bai ji ba. Na maimaita, bai ji ba. Dole na ɗaga murya har maƙwabta suka jiyo: "Ni ce, Baba! Ni na jawo maka!"